Baba Majo, Wanda Ya Kai Ni Dapaong

Ranar Talata ce da hantsi, ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi a kolej, wato ƙaramar sakandaren da nake aiki, a nan Dapaong, sai wayata ta fara motsi a aljihu. Ba na ɗaukar waya a aji. Ta tsaya, ta sake, ta kuma sakewa. A karo na huɗu na fita baranda na duba, na ga lambar Fati ce daga Sokode, babbar 'yar Baba Majo. Tun kafin in gama sallama ta ce, "Yaya Isiyaku, Baba ya cika. Bayan azahar za a kai shi." Na ce daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, amma ni kaina ban ji muryata ba.

Na bar yaran a hannun direkta, shugaban makarantarmu, na garzaya tasha. Mota ba ta cika ba sai wajen sha ɗaya da rabi. Na san tsawon hanyar nan, na san ba zan iske jana'iza ba, duk da haka na zauna bayan direba ina roƙonsa ya rage tsayawa. Mun wuce garin Mango da kaɗan Fati ta sake kira ta ce an rufe shi. Na kifa kaina a kujerar gaba. Wata dattijuwa da ke gefena ta tambaye ni ko mahaifina ne, na ce mata eh, don ban san wata amsar da ta fi wannan kusa da gaskiya ba.

Sunansa Malam Abdulkarimu, amma a Zangon Sokode ba wanda ke kiransa da shi sai liman da Mma Salamatu, matar shi Baban. Majo muke cewa, kamar yadda ake kiran babban ma'aikacin jinya, domin shi ne ya riƙe ɗan asibitin da ke bakin unguwarmu shekara da shekaru. Gajere ne, mai kaurin gilashin ido, ba ya sauri a tafiya, ba ya sauri a magana. Ya yi wa rabin Zango allurar rigakafi, ya ɗinke hannun mahauta ba adadi. Wannan kowa ya sani, kuma an faɗe shi a wurin zaman makoki. Akwai wani aikin nasa da ba a faɗa ba, domin waɗanda aka yi wa ba sa iya ɗaga kai su faɗa. Ni ina cikinsu, kuma yau zan faɗa.

Ranar Laraba da yamma ba a zuwa makaranta, shi kuma ba ya tashi aiki da wuri a ranar. Yakan bar ƙofar bayan asibitin a buɗe, wadda ke fuskantar lungu, ya ajiye benci da butar ruwa. Bai taɓa yin shela ba. Samari ne ke raɗa wa juna cewa in wani abu ya same ka wanda ba za ka iya gaya wa babanka ba, ka bi ta lungu ranar Laraba. 'Yan mata kuma yakan haɗa su da ungozomar asibitin, ya fita ya ba su wuri.

Zuwana na farko ina da shekara goma sha uku. Ƙirjina na hagu ya kumbura yana zafi, wani abokina ya ce min mace zan koma. Kwana biyar ban cire riga a gaban kowa ba. Da na shiga na kasa magana, sai kuka. Ya ce, "Zauna tukuna, sha ruwa." Haka yake fara wa kowa. Da ya duba bai yi dariya ba. Ya ce, "Nawa ma ya yi haka, duka biyun. Girma ne ya zo, zai sauka da kansa." Daga nan ya gaya min abin da zai biyo baya, sauyin murya, gashi, da mafarkin da zan tashi in ga tufafina sun ɓaci. Ya ce in hakan ta faru kada in tsorata, in je wurin malaminmu in ce ya koya min wanka. Na fito ranar kamar an sauke min dutse daga ka.

Ba kowa ya so wannan aikin ba. An taɓa kiransa gaban dattawa a ƙofar masallaci aka ce yana buɗe wa yara ido. Mahaifina yana wurin, shi ya ba mu labari. Ya ce Majo ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Idonsu a buɗe suke zuwa min. Liman yana gaya musu abin da Allah ya hana, ni ma ina maimaita musu. Amma wanda ya riga ya faɗa, ya zo yana fitsarin jini, in ce masa me? Ya koma gida ya mutu da kunya?" Wasu sun daina ba shi hannu na ɗan lokaci. Bai rufe ƙofar ba.

Ina shekara goma sha bakwai na fara son wata yarinya a unguwarmu. Zan kira ta Hadiza, ba sunanta ba ne. Ta girme ni da hankali, na girme ta da shekara ɗaya. A hanyar famfo muke haɗuwa, in ɗaukar mata bokiti har kwanar gidansu, ta karɓa kafin a gan mu. Tana son zama ungozoma, tana da rubutu mai kyau, ita ke kwafe min darasin da na rasa. Da gaske nake sonta, wannan ba na shakka. Amma a hutun da ya gabata wasu abokai da suka girme ni sun kai ni wani gidan mata masu zaman kansu a bayan tasha, suka ce har yanzu ni yaro ne, na bi su don kada a ci gaba da yi min dariya. Bayan haka ni na matsa wa Hadiza, da magiya da fushin ƙarya, har abin da bai kamata ba ya faru tsakaninmu.

Ba a daɗe ba fitsari ya zama min azaba. Na sayi ƙwayoyi ja da rawaya wurin masu tallan magani a tire, na sha jiƙon saiwoyi, ciwon ya lafa ya dawo. Sai da na yi mako biyu sannan na bi ta lungu. Baba Majo ya duba ni, ya ce ciwon sanyi ne, ya yi min allura, ya ba ni ƙwayoyi. Ina ɗaura wando ya ce, "Saura wa?"

Na yi kamar ban gane ba.

Ya ce, "Isiyaku, wannan ciwon ba na mutum ɗaya ba ne. Kai namiji ne, ya yi maka ihu ka ji. A jikin mace shiru yake yi, yana hawa ciki, ba ta sani ba sai ya yi ɓarna. Ba sunanta nake tambaya ba. Ka gaya mata, ta zo wurin ungozoma ko ta je wani asibitin da ba a san ta ba. Mako ɗaya na ba ka."

Na fita da niyyar gaya mata. Na tsaya a hanyar famfo, na hango ta tana zuwa tana murmushi, sai na juya na bi wani lungu. In na gaya mata za ta tambaye ni inda na samo. Washegari ma haka. Da mako ya cika na koma na ce wa Baba Majo na faɗa mata, yayarta ta raka ta asibiti, ta sha magani. Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Madalla, ka yi aikin manya." Wannan yabon har yau yana ƙona ni. Daga ranar na daina bin hanyar famfo. Ta aiko min da takarda sau biyu tana tambayar laifin da ta yi min, ban amsa ba. Da aka yi hutun ƙarshen shekara aka tura ta Dapaong wurin gwaggonta, na ji daɗi a raina, na ɗauka magana ta wuce.

Wajen wata biyu bayan allurata, na ji mahaifiyata tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa Hadiza tana kwance a Dapaong, zazzaɓi da ciwon mara, an yi mata maganin zazzaɓin sauro sau biyu bai yi ba, yanzu ko tsayuwa ba ta iyawa, ana zaton iska ce. Ina cikin ɗaki na ji komai. Kwana uku na yi da maganar a ciki. Ba na iya cin abinci, ba na iya haɗa ido da kowa. Na yi ta sallah ina roƙon Allah ya sa wani ciwon ne daban, alhali na san ba daban ba ne.

Ranar Asabar da sassafe na je gidansa. Na tarar da shi a tsakar gida yana shan koko. Na durƙusa na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Ban gaya mata ba." Na faɗi sunanta, na faɗi abin da na ji.

Ya ajiye ludayin. Ya tambaye ni kwana nawa da kwanciyarta, na ce wajen goma. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya kira Mma Salamatu ya ce ta ɗauko masa jakarsa, ya ce min, "Je ka sa takalmi." Ya biya ta rumfar mahaifina ya ce yana son in raka shi Dapaong. Mahaifina bai tambayi dalili ba, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. Muka tsaya a garin Kara. Ya sayi burodi ya miƙo min rabi, na riƙe shi a hannu har ya jiƙe da gumi. Da muka hau gadar kogin Oti na kasa daurewa, na ce, "Baba, za ta mutu?"

Ya ce, "Ban sani ba. Da watan jiya ka zo min, da na ce maka a'a."

Na yi kuka a cikin mutane, bai rarrashe ni ba, amma ya ɗora hannunsa a gwiwata bai ɗauke ba har muka shiga gari.

Da la'asar muka sami gidan gwaggon Hadiza. Ya zaunar da ni a bencin wani tela da ke kallon ƙofar, ya shiga shi kaɗai. Ya gabatar da kansa a matsayin ma'aikacin jinya daga unguwarsu, wanda ya ji ba ta da lafiya ya zo dubiya. Ina jiyo muryar gwaggon tana cewa an yi rubutu, an yi turare, malam ya ce a ba shi kwana uku. Na ji shi yana cewa, "Hajiya, ki ɗauko rubutun mu tafi da shi, za ta sha a can. Amma yarinyar nan ba ta da kwana uku." Can sai ga yaron gidan ya fita neman tasi.

Mata biyu suka fito da ita a tallabe. Da ban san gidan ba da ban gane ta ba. Ta rame, leɓɓanta sun tsage, ta naɗe jiki ta riƙe mara. Ana sa ta a mota ta ɗago ido ta gan ni a kan benci. Ta dube ni na ɗan lokaci, na ga ta fara haɗa zancen a ranta, sannan ta kawar da kai.

A ranar aka yi mata tiyata. Ƙurji ne ya taru a cikin mara, likita ya ce saura kaɗan ya fashe. Gwaggon ta tsare Baba Majo tana tambayar me ya kawo wannan, ya ce mata, "Ƙurji ne, an cire. Abin da ya rage, mara lafiya ke da ikon faɗa in ta ga dama." Kwana uku muka yi a garin, muna kwana a zauren wani tsohon abokin karatunsa. A rana ta uku ya shiga da ungozoma suka yi wa Hadiza bayani su kaɗai. Da ya fito ya ce min, "Shiga. Ba don ta yafe maka ba, don ta ji daga bakinka."

Na tsaya a ƙarshen gadon na faɗa mata komai, har gidan bayan tasha. Muryarta ba ta fita sosai. Ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce wata biyu.

Ta ce, "Kana ganina ina wucewa da bokiti, ka sani. Ina rubuto maka takarda ina ba ka haƙuri, ka sani." Ta ja numfashi. Ta ce, "Sun ce sun cire min wani abu a ciki. Wai mai yiwuwa in haihu, mai yiwuwa kada in haihu. Fita, Isiyaku."

Na fita. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe har yau.

A hanyar komawa ya yi min magana mai tsawo, sau ɗaya, bai sake tayar da ita ba har ya koma ga Allah. Ya ce, "Ba zan ce maka ba komai ba, domin da komai. Zunubin farko tsakaninka da Allah ne, ka tuba. Amma shirun da ka yi, shi ya kusa kashe ta. Ni ma ina da laifi, na yarda da maganar yaro mai tsoro ban bincika ba." Ban taɓa jin babba ya ɗauki rabon laifi a gaban yaro ba sai ranar. Daga baya na ji ya canza tsari, duk wanda ya yi wa irin wannan maganin sai ya ba shi 'yar takarda marar suna ya kai wa ɗayan, kuma ba ya hutawa sai takardar ta dawo hannun ungozoma.

Hadiza ba ta koma Sokode ba. Ta ƙarasa karatu a wani wuri, ta yi aure a garin da ban sani ba. Bayan shekaru na tambaye shi ko ta sami haihuwa, domin na san tana gaishe shi ta waya. Ya ce, "Wannan ba naka ba ne." Na roƙe shi har da hawaye, na ce ba na iya samun natsuwa in ban sani ba. Ya ce, "To ka zauna da rashin natsuwar, ka yi mata addu'a." Ya tafi kabari da amsar. Na ji haushinsa a lokacin. Yanzu na gane yadda ya rufe nata, haka ya rufe nawa, shekara kusan ashirin, har mahaifina ya rasu bai san me ya kai mu Dapaong ba.

Da na gama karatun koyarwa aka turo ni aiki nan Dapaong. Kullum sai na wuce ta gaban asibitin da aka yi mata tiyata. Yaran da nake koyarwa sun fi mu gani, domin komai yana cikin wayarsu, amma ba su fi mu sani ba. Tsoron nan ɗaya ne, ƙwayoyin tire suna nan, shirun iyaye yana nan. Duk lokacin da wani ya tsaya bayan an tashi yana murza hula ya kira ni yadda suke kiran malami ya ce, "Mushe, ina da magana," Baba Majo nake kira. Ko bayan ya yi ritaya, ciwon suga ya cinye masa ido, yana ɗaukar wayata. Ya gaya min abin da zan tambaya, da wurin da zan tura yaro, da abin da ba zan faɗa ba.

Kiranmu na ƙarshe kwana tara ne kafin rasuwarsa. Wata ɗalibata 'yar shekara goma sha biyar ta daina zuwa aji, ƙawarta ta ce min ta sha wani abu don wata biyu ba ta ga al'ada ba. Na kira shi nan take. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. Ya ce in nemi malama mace mu je gidan yanzu, kada mu jira gobe, mu fara da uwar ba uban ba. Muka yi haka, aka kai ta asibiti, tana raye. Kafin ya ajiye wayar ya ce, "Isiyaku, ka daina kirana kafin ka tashi. Ka san abin yi. Ni na gaji." Na ɗauka gajiyar yini yake nufi.

Na isa Zango bayan la'asar ranar da aka binne shi. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Na ga mahauta, direbobi, 'yan kasuwa, ma'aikatan ofis, magidanta masu furfura a gemu, suna share ido da hannun riga. Da yawanmu mun san dalilin kukan juna, ba wanda ya dubi wani. Da na shiga gaishe da Mma Salamatu ta riƙe hannuna ta ce, "Shekara talatin ina zuba wa yara abinci a gidan nan, ban san abin da ya kawo ko ɗaya ba. In na tambaya sai ya ce baƙinsa ne." Ta ce tun da ya bar aiki aka toshe ƙofar bayan asibitin da bulo, gida suke biyo shi, yana kwance yana saurarensu. Ta tambaye ni, "Yanzu ina za su?"

Tambayar nan ce ta sa na rubuta abin da na ɓoye tun ina saurayi, na san kuma wasu za su daina ganina da mutunci. Na yarda. Ina roƙon iyayenmu na Zango, da malamai, da ma'aikatan jinya, don girman Allah wani ya buɗe ƙofa. A yau ɗin nan akwai yaron da ke hango yarinya a hanya yana canza lungu, akwai yarinyar da ake yi wa maganin zazzaɓi alhali ba shi ne ke cinta ba. Ni ɗaya ne a aji ɗaya, ba ni da iliminsa, ba ni da haƙurinsa, kuma tsoro nake ji.

Ya Allah, bawanka Abdulkarimu ya zo gare Ka. Ya rufa wa 'ya'yan mutane asiri, Ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka haɗa shi da salihan bayinKa a Aljanna. Ka ba Mma Salamatu haƙuri da lafiya, Ka riƙe Fati da ƙannenta, Ka shirya musu zuriya, kada Ka bar gidan ya wulaƙanta a bayansa. Yaranmu da ke tasowa Ka tsare su, wanda ya faɗa Ka haɗa shi da mai ɗaga shi da wuri. Baiwar nan taKa da na cuta, Ka san sunanta, Ka san inda take, Ka ba ta abin da na kusa hana ta, ko da ni ba zan taɓa ji ba. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.